Hajiya ga yadda ranar farko take a jirgin ruwan shaƙatawa, tun daga tasha har kwanciya

Hajiya kin ce ku biyar ne za ku hau jirgin ruwan yawon shaƙatawa daga Barsalona a farkon Agusta, kwana bakwai, ke da Alhaji da yara biyu da Mama, duk cikinku ba wanda ya taɓa hawa, kuma kina so ki san me ake yi ranar farko. Toh ni dai shekara shida na yi a risefshan na irin wannan jirgi, da zafi muna Bahar Rum, in sanyi ya shigo Turai mu gangara Dubai da Abu Dabi da Doha, kuma in gaya miki gaskiya yawancin waɗanda suka zo gabana suna faɗa a kwana na uku ko na huɗu in ka bi diddigi tun ranar farko aka shuka matsalar. Don haka ki sa a ranki ranar farko ranar aiki ce. Hutun daga washegari yake farawa, ko in kin yi sa'a daga lokacin da jirgi ya busa ƙaho ya bar tasha.

Abu na farko ma tun kafin ranar yake: ku sauka Barsalona kwana ɗaya kafin tashin jirgi, in da hali biyu. Daga Kano ko Abuja sai kun canza jirgin sama a hanya, ko Istanbul ko Doha ko Alƙahira, kuma jinkirin awa uku a can ya isa ya ɓata komai, ko ku iso akwati bai iso ba. Jirgin ruwa ba motar tasha ba ce da za a ce direba dan Allah ɗan jira ga mutum ɗaya can yana tahowa. Mutum dubu huɗu ko biyar ne a ciki, an ba shi lokacin fita daga tasha, in lokaci ya yi ya tafi, kuma rufe rajistar shiga ma tun awa ɗaya da rabi ko biyu kafin tashi ake yi, ki duba takardarku za ki ga lokacin a rubuce. Wanda ya rasa shi sai dai ya bi shi tashar gaba, kamar Marsey ta Faransa, da kuɗin aljihunsa. Kuɗin otal na dare ɗaya ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Sannan ki ɗauko fasfo ɗinku yanzu yanzu ki duba bizar. Bizar Shengen ce ta shiga Sifen da Faransa da Italiya da Malta, wannan ba matsala, amma wasu jiragen da ke zagayen nan suna tsayawa Tunis, to da zarar jirgi ya taɓa Tunis an fita Shengen kenan, dawowa Italiya ko Sifen shiga ce ta biyu. In bizarku ta shiga sau ɗaya ce akwai rigima. Na taɓa tsayawa a tasha ina kallon wani bawan Allah da iyalinsa, akwatunansu har an shigar jirgi, aka sa ma'aikata suka nemo su aka fito da su saboda wannan abin, yana ta rantsuwa shi ba zai ma sauka a Tunis ba zai zauna a ɗaki, amma doka ba ruwanta da ko ka sauka ko ba ka sauka ba. Wallahi ranar ban iya cin abincin rana ba. Ki tabbata an rubuta MULT, wato ta shiga sau da yawa, a kan bizar kowa har yaran, kuma fasfo yana da sauran aƙalla wata shida.

Ranar kuma, manyan jirage a Barsalona a wani dogon mashigi suke tsayawa da ake kira Moll Adossat, tashoshin suna da harufa, ki gaya wa mai tasi sunan jirgin da harafin tashar, daga tsakiyar gari ba ya wuce minti ashirin in ba cunkoso. Kar ku ce za ku taka da ƙafa don kun hango jirgin kusa, akwai wata doguwar gada a tsakani ga rana ga Mama ga kaya. Lokacin zuwa kuma an rubuta muku a tikiti, ku bi shi, zuwa da sassafe ba ya ƙara komai sai zama a kujerar ƙarfe, don sai waɗanda suka gama tafiyarsu sun sauka tukuna.

Kuna sauka daga tasi masu ɗaukar kaya za su karɓi manyan akwatuna. Kowane akwati sai da takardar shaida mai ɗauke da lambar ɗakinku, kamfani ke turo ta tare da tikiti, ki buga ta tun a gida ki naɗe ki ɗaura a hannun akwati ki bi da selotef sosai, in ta cire akwatin ya zama maraya sai dare ku je kuna tantancewa cikin tarin kaya. Daga nan ba za ki sake ganin akwatunan ba sai yamma, wani lokaci har bayan isha'i. Nan ne mutane suke yin kuskuren da ya fi kowanne yawa. Duk abinda za ki buƙata daga safe zuwa dare ya zauna a jakar hannu: fasfo da tikiti (kar ki yi dariya, na sha ganin wanda fasfonsa ya shige jirgi cikin akwati shi yana waje), maganin Mama na hawan jini ko na suga na duk kwanakin gaba ɗaya a kwalinsa na asali, caja, darduma ƙarama da hijabi, kayan canji na yara, da kayan ninƙayarsu don wallahi suna ganin wurin wankan nan ba za su bar ki ki huta ba.

Yanzu maganar da na san ta shafe mu kai tsaye, turaren wuta. Hajiya ki bar shi a gida. Kasko, gawayi, bona ta lantarki, kyandir, dutsen guga, hitar dafa ruwa, butar lantarki, ekstenshan mai kariyar wuta, duk ba sa shiga. Ana saka kowane akwati a na'ura, in an ga abu sai a riƙe akwatin gaba ɗaya a wani ɗaki can ƙasa, a turo miki takarda ki sauko ki buɗe a gaban jami'an tsaro, su karɓe su ba ki rasit sai ranar sauka. Akwai wata baiwar Allah da na raka ɗakin nan don in yi mata tafinta, ta buɗe akwati ga kasko na ƙarfe mai kyau ga gawayin nan mai kama wuta da ashana ɗaya ga kwalabe uku na turare haɗin Maiduguri, ƙamshi ya cika ɗakin har jami'in yana lumshe ido, amma ya karɓe kaskon da gawayin ya bar mata kwalaben. Ta ce min ɗana to ni yanzu ya zan yi da ɗaki ba ƙamshi, na ce Hajiya humra da na fesawa. Ba wulaƙanci ba ne, a teku abinda ma'aikacin jirgi ya fi tsoro wuta ce, ta fi ruwa. A 2006 jirgin Star Princess ya kama da wuta daga baranda cikin dare, ana kyautata zaton guntun sigari ne, ɗakuna da dama suka ƙone mutum ɗaya ya rasu. Kuma kowane ɗaki akwai na'urar jin hayaƙi a rufi, kina kunna turare ƙararrawa na kaɗawa a ɗakin matuƙa, cikin minti biyu za ki ji ana buga ƙofa. Kilishi da dambun nama su kuma tun a filin jirgin sama ne matsalarsu, Tarayyar Turai ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama daga waje ba. Yaji a rufaffen mazubi dai ban taɓa ganin an hana ba, kuma zuwa kwana na uku za ki gode wa Allah da kika taho da shi.

Cikin tasha kamar filin jirgin sama ne, a bi ta na'urar bincike, a je kanta a nuna fasfo da tikiti, a cike 'yar takardar lafiya ko akwai mai amai ko gudawa ko zazzaɓi, a ɗau hoton kowa. In kina sa niƙabi ki nemi mace ta ɗauke ki a gefe, suna yi ba gardama. Sai a ba kowa katinsa, wasu jiragen kuma a ƙofar ɗaki za ku tarar da katin. Katin nan shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidarki duk lokacin da za ki fita ko ki shigo jirgi, kuma shi ne kuɗinki, don a cikin jirgi ba a karɓar tsabar kuɗi a kanti ko wurin shan shayi, kati kawai ake miƙawa ana tara bashin. Za a ce ku haɗa shi da katin banki ko ku ajiye tsabar kuɗi. Ni shawarata ku zo da yuro a hannu ku ajiye, ko katin asusun dala, kar ku dogara da katin naira, sau da yawa yakan ƙi aiki ko iyakar da banki ya sa ta tare shi, kuma in katin cire kuɗi ne jirgi yana riƙe wani adadi a matsayin jingina wanda kan ɗau kwanaki ko makonni kafin banki ya sake shi bayan kun dawo. Sannan ki sani akwai kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane mutum kowane dare, ya danganta da kamfani amma ki ƙiyasta tsakanin 12 zuwa 20 na yuro ko dala ga babba, yara ƙasa da haka a wasu jiragen. Ki duba ko an riga an haɗa shi cikin tikitinku, in ba a haɗa ba ki lissafa mutum biyar sau dare bakwai tun yanzu don kar Alhaji ya gani ranar ƙarshe ya ce an cuce shi. Katin yara kuma ku je risefshan a rufe shi ko a sa masa iyaka tun ranar. Wani yaro ya taɓa gano cewa katinsa na aiki a ɗakin wasannin kwamfuta, ya dinga yi wa abokansa kyauta har kwana huɗu, uban da ya ga takarda zama ya yi a ƙasa.

Kina taka ƙafa cikin jirgi za ki ji kamar Kantin Kwari ana jajiberin sallah, kiɗa, masu hoto, ma'aikata da tire suna tallar tsarin abin sha da na intanet da na gyaran jiki. Ki yi murmushi ki wuce, ba abinda zai ƙare. Tsarin abin sha in za ku saya akwai wanda ba giya, lemo da ruwan gora da shayi da kofi, shi ma ki zauna ki yi lissafi tukuna. Kuma kar ki yi mamaki ki ga wasu sun riga sun baje kamar gidansu, kamfanoni irin MSC da Costa a zagayen Bahar Rum kusan kowace tasha suna ɗauka suna saukewa, wasu tun Jenowa suka hau wasu Marsey.

Ɗakuna yawanci ba sa buɗewa sai wajen ƙarfe ɗaya ko biyu, don haka kowa bufe yake nufa da jakarsa, wato wurin abincin da kowa ke ɗibar wa kansa, can sama. Kar ku tsaya a layin farko da kuka gani, ku wuce can ƙarshe wajen bayan jirgi, abinci iri ɗaya ne kuma akwai kujeru. Ku wanke hannu da sabulu a famfunan bakin ƙofa, ba man gogewa kawai ba, don ƙwayar cutar amai da gudawa da ke yawo a jirage man nan ba ya kashe ta sosai. Abincin bufe da ruwan na'ura da shayi kyauta ne, ruwan gora da kayan cikin ɗan firijin ɗaki kuɗi ne.

Maganar halal, wannan ita ce aikin da nake so ki yi da kanki da rana tsaka kafin a fara hidimar dare. A katinki an rubuta sunan gidan abincin da za ku ci na dare da lokaci, wani lokaci har lambar tebur. Ki je can, shugaban masu hidima yana zama na awa ɗaya ko biyu ranar shiga don gyare gyare, ki gaya masa ku Musulmi ne ba alade ba giya a girki, ya rubuta a lambar ɗakinku. Naman halal wasu kamfanonin suna tanada amma sai an nema makonni kafin tafiya, don haka ki sa wanda ya yanka muku tikiti ya tura buƙatar yau, in ba a samu ba kifi da ƙwai da kayan lambu da taliya da shinkafa sun ishe ku, kuma yawanci akwai ɓangaren abincin Indiya a bufe mai ɗan yaji. A rubutun da ke gaban abinci ki kula da pork da ham da bacon, da na Italiyanci maiale da prosciutto da pancetta da salame. Wanda ke shammatar mutane shi ne giyar da ake zubawa a girki, shinkafar risoto, wasu miyar nama, da kayan zaƙi irin tiramisu. Wani sirri kuma, da yawa cikin masu hidimar tebur da ɗakuna 'yan Indonesiya ne Musulmi, ki duba bajen ƙirjinsa an rubuta ƙasarsa, ki yi masa sallama ki tambaye shi, zai gaya miki gaskiya ƙasa ƙasa har ya nuna miki wanda shi yake ci. Lokacin cin kuma kashi biyu ne, na farko wajen shida ko shida da rabi, na biyu wajen takwas da rabi ko tara. A farkon Agusta magariba a can sai kusan ƙarfe tara na dare, kinga na biyun karo yake da sallah ga yara sun fara gyangyaɗi, ki nemi na farko tun da rana kafin ya cika.

Da an sanar ɗakuna sun buɗu ku tafi. Ki rage buri, ɗakin jirgi ƙarami ne, na ciki mara taga bai fi ɗan madaidaicin ɗakin kwana ba har da banɗakinsa. Akwatuna in an kwashe kaya ƙarƙashin gado ake tura su, an yi gadon da tsayi don haka. Bangon ƙarfe ne, in kin zo da 'yan maratayi masu maganaɗisu sai ki rataye hijabai da jakunkuna. Fasfo da kuɗi cikin akwatin ajiya mai lamba da ke cikin kabad. Soket ɗinsu na Turai ne mai ƙafa biyu zagaye da na Amurka, filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga, ki sayi adafta biyu ko uku tun a gida don na kantin jirgi tsada. Mai kula da ɗakin zai zo ya gabatar da kansa, ki riƙe sunansa, shi ne mutumin da ya fi kyaftin amfani a gare ki: raba gado ko haɗewa, ƙarin tawul da filo, sauko da gadon yara daga bango, kwashe giyar da ke firiji, duk shi ne. Ki gwada komai a lokacin, famfo, ruwan zafi, na'urar sanyaya ɗaki, fitilu, abinda bai yi ba ki faɗa yau.

Banɗaki sai na ɗan tsaya. Babu tiyon tsarki a yawancin jiragen Turai, ki sako 'yar buta ta roba a akwati ko ku yi amfani da gorar ruwa. Masan kuma da iska yake zuƙa, ƙararsa kamar zai haɗiye mutum, ki nuna wa yara da Mama tun da rana don kar su firgita da dare, a rufe murfi sannan a danna, kuma kar a danna ana zaune. Ban da takardar da suka ajiye kar a jefa komai, ko audugar mata ko famfas ko tishun jiƙe, bututun siriri ne kuma layi ɗaya ne da maƙwabta, mutum ɗaya ya toshe ɗakuna da dama sun shiga uku. Alwala a hankali a wurin wanka ta fi sauƙi da ɗaga ƙafa kan sink, musamman ga Mama in jirgi na motsi. In ɗakinku mai baranda ne, ƙofar tana da makulli can sama, ki kulle, kar a bar kujera jikin ƙarfen kariya, kar a shanya kaya a waje iska za ta kwashe, kuma in ƙofar baranda na buɗe sanyin ɗaki yakan ɗauke da kansa a jirage da yawa.

Alƙibla kuma, mu a gida mun saba gabas a ɗan karkata arewa, a Barsalona gabas ce a karkata kudu. Jirgi na tsaye a tasha da sauƙi. In yana tafiya kamfas ɗin waya ruɗewa yake saboda ƙarfe ko'ina, abinda muke yi shi ne mu kunna tashar talabijin ta ɗaki da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, daga nan ka ƙiyasta, kuma a tsakiyar teku yakan yi awanni a miƙe bai juya ba. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ki tambayi malaminku kafin ku taso. Masallaci dai kar ki sa rai a jiragen Bahar Rum, sai irin AROYA na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a ƙarshen 2024, shi an tsara shi da wurin sallah da abincin halal.

Sai babban abin ranar, atisayen ceto. Wannan ba zaɓi ba ne, dokar kare rayuka a teku ta duniya ce, wadda asalinta tun bayan nutsewar Titanic a 1912 aka fara ta. Da can an yarda a yi atisayen cikin awa 24 bayan tashi. Sai daren 13 ga Janairu 2012 jirgin Costa Concordia ya bar tashar Cibitabekiya kusa da birnin Rum na Italiya, bayan 'yan awanni ya daki dutse a gefen tsibirin Jiliyo ya kwanta, mutum 32 suka rasu, kuma ɗaruruwan da suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisaye ba, ba su san inda za su nufa ba. Daga nan aka mayar da shi dole kafin jirgi ya tashi ko yana tashi. Yanzu tun bayan korona yawancin jirage sun sauƙaƙa, za ki kalli bidiyo a talabijin ɗin ɗaki ko a manhajar waya, sannan ku taka da ƙafa zuwa wurin taruwarku a ɗauki katin kowa a na'ura. Harafin wurin yana kan katinki da bayan ƙofar ɗaki tare da taswira. Kowa sai ya je, har Mama har ƙaramin yaro, in ba ku je ba za a yi ta kiran lambar ɗakinku a lasifika. Dan Allah kar ku bi lif wajen zuwa, ku bi matakala ku haddace hanyar, don ranar da abu ya faru, Allah ya kiyaye, ba a hawa lif. In Mama ba ta iya matakala ki faɗa a risefshan yau a rubuta ta cikin masu buƙatar taimako, akwai ma'aikatan da aikinsu kenan su zo ɗaki su ɗauke ta. Alamar haɗari busa gajeru bakwai ne da doguwa ɗaya. Ki duba rigunan ceto ko suna kabad ko a wurin taruwa ake rabawa, in a ɗaki suke ki tabbata akwai daidai yara. Ƙananan yara za a ɗaura musu abin hannu mai harafin wurin taruwa, kar su cire har a sauka, amfaninsa in abu ya faru suna wurin wasan yara ma'aikata za su kai su can ku haɗu, ba ke za ki yi ta gudu kina nema ba. Na san uwa ba za ta so jin haka ba amma tsarin kenan kuma yana aiki.

Kafin jirgi ya saki igiya ki yi kiran da za ki yi ki tura hotuna gida, sannan kowa ya danna alamar jirgin sama a wayarsa. Da an yi nisa da gaɓa waya na kama wata hanyar sadarwa ta tauraron ɗan adam ta cikin jirgi, kuɗinta ba imani, kina barci WhatsApp na sauke bidiyon biki kuɗi na tafiya. Ana iya kunna waifai a haka, manhajar jirgi kyauta take aiki, intanet ɗin ne na saye. Agogo kuma ki bi na jirgi. Sifen da Faransa da Italiya suna gaban Najeriya da awa ɗaya a Agusta, Tunis kuma lokacinta ɗaya da namu, kinga waya na iya komawa baya da kanta ki ɗauka da sauran awa guda alhali ana janye tsani.

Lokacin tashi ku hau can sama ku kalla, ana busa ƙaho gari na ja da baya a hankali, tsaunin Monjuyik a gefe, ni har na bar aikin ban daina jin wani abu a ƙirji ba in na ji ƙahon nan. Ki riƙo mayafi mai kauri don iska. In Marsey kuka dosa daren nan za ku ratsa wani yanki da iskar arewa mai ƙarfi kan taso, yawanci a Agusta lafiya lau ne kuma manyan jirage suna da fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, amma in akwai mai jin jiri a mota a cikinku ya sha maganin tun kafin a tashi, ba sai amai ya zo ba, na Mama kuma a tambayi likitanta tun a gida saboda sauran magungunanta. Citta na taimakawa, da koren tuffa da busasshen biskit, da zama a tsakiyar jirgi hawa na ƙasa ko kallon inda sama ta haɗu da ruwa. Asibitin jirgi akwai likita amma kuɗi ne masu nauyi, ki tabbata inshorar da kuka yi ta biza ta haɗa da tafiyar jirgin ruwa.

Daren farko ba a matsa wa kowa da kwalliya saboda an san wasu kayansu bai iso ba, ku je cin abinci da abinda ke jikinku, atamfa ko shadda ko jallabiya duk daidai ne. In tara ta wuce akwati bai zo ba ki leƙa risefshan, ko takardarsa ta cire ko yana ɗakin da na gaya miki. Layin risefshan daren nan dogo ne, in ba gaggawa ba ki bari sai da asuba bayan sallah, ba kowa a lokacin sai mu. Kuna komawa ɗaki za ki tarar da takardar shirin gobe a kan gado ko a manhaja, a samanta an rubuta lokacin da kowa zai dawo jirgi a Marsey da lambar wayar wakilin jirgi a tashar, ki ɗauki hotonta a wayarki da ta Alhaji kafin ki kwanta.